ZARE: Juya, wabi da rabo. Tarihin kalmomin rashin haihuwa, daga Birnin Zamfara zuwa Bagega

1/ Kalmomi uku Bahaushe ke ɗaukowa idan haihuwa ta ƙi: juya, wabi, rabo. Biyu na farko kan mace kawai suke sauka. Ta ukun ba ta zargin kowa. Yau za mu bi sawunsu tun daga tsohuwar daular Zamfara har zuwa abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Mu fara da JUYA. Ita ce macen da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Kalmar tsohuwa ce, kuma ba ta mutane kaɗai ba ce. Je ka kasuwar dabbobi a Gummi, za ka ji ana cewa saniyar nan juya ce, akuyar nan juya ce. Dabbar da aka kira haka, hanyarta ɗaya: a yi kiwonta ta yi ƙiba, a kai wa mahauta.

3/ To ka ga nauyin da kalmar ke ɗauke da shi idan aka jefi mutum da ita. Ma'aunin garke ne aka ɗora wa 'yar Adam. Shi ya sa gorin da ke rakiyarta ma na ci ne: "sai ci, sai cika masai." Duk wanda ya taso a gidan yawa ko ya karanta littattafan Hausa ya san wannan jimlar, ya kuma san bakin da ta fi fitowa.

4/ Akwai 'yar uwarta, BAKARARIYA. Abin sha'awa, ita wannan tana da namiji: bakarare. Nahawu ya yi adalci, ya tanadi kalmar. Amma tsakani da Allah, yaushe rabon da ka ji an kira wani namiji bakarare a zaure ko a majalisa? Kalmar tana nan a ƙamus, bakin mutane ne ya ƙi ɗaukarta.

5/ Sai WABI. Nan kuma ciki na shiga, ana haihuwa, amma 'ya'yan ba sa tsayawa. A haifa, a yi suna, kafin yaye a binne. A sake haifa, a sake binnewa. A ce wance tana wabi, yaron kuma ɗan wabi ne. Har bishiyar da ke zubar da 'ya'yanta tun ba su nuna ba akan ce tana wabi.

6/ A tsohon tunani, ɗan wabi yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, ko kuma wani abu ne ke bin uwar yana ɗauke mata 'ya'ya. Ba mu kaɗai ke da wannan tunanin ba. Yarabawa na cewa abiku, Inyamurai na cewa ogbanje. Duk inda yara suka yi ta mutuwa ba a san dalili ba, sai harshe ya samar wa abin suna.

7/ Ga inda tarihin ya fi daɗi: dabarun da kakanninmu suka yi don su ruɗi mutuwa. A kai jariri kan juji a ajiye, wata ta ɗauko shi kamar tsintuwa. A yi masa tsagar da ba ta gidansu ba. A huda masa kunne ko da namiji ne. A yi kamar an sayar da shi. Manufar ɗaya ce: a nuna yaron ba shi da daraja, ko mai ɗauka ya raina shi ya wuce.

8/ Daga nan sunaye suka fito. Ajuji, wanda aka ajiye a juji. Ajefas da Ayashe, wai a jefar, a yasar. Bawa da Baiwa, wai ba ɗan gida ba ne. Wasu sunayen kuma roƙo ne tsagwaronsa: Abarshi, Abarta, Barmini. Ka maimaita su a hankali. Uwa ce ke cewa don Allah wannan dai a bar mini shi.

9/ Sunayen nan sun hau gadon sarauta a ƙasarmu. A shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara ya shiga ƙaura daga gari zuwa gari kafin daga baya ya tabbata a Anka. Ɗan Babarin nan da ya gaji ƙarfinsa sunansa Bawa, wato Bawa Jan Gwarzo.

10/ Wajen 1788, a filin idin Magami, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyautar Bawa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da sakin fursunoni. Marubuta tarihi sun kawo cewa cikin waɗanda aka saka akwai jigon gidan sarautar Zamfara mai suna Abarshi. Bawa a kan gado, Abarshi a ɗaure.

11/ Suna kan bi gida, jika ya gaji na kaka, don haka ba kowane Bawa ko Abarshi ne ɗan wabi ba. Abin lura shi ne sunayen da tsoron mutuwar yara ya haifa sun zama ruwan dare har a fada. Mutuwar jarirai ba ta san gidan sarki ba, ba ta san bukkar talaka ba.

12/ Mu ɗan leƙa Indiya, tunda mu mutanen fim ne 😅 A harshen Hindi macen da ba ta haihuwa ita ce banjh. Asalinta daga Sanskirit ne, vandhya. A harsunan Prakrit, waɗanda suka zo tsakanin Sanskirit da harsunan yau, ta koma vanjha. Daga nan Hindi ta samu banjh, Nepali ta samu banjho da banjhi.

13/ Sauyin yana da ƙa'ida. Sautin "dhy" na Sanskirit yakan koma "jh". Haka sandhya, wato magariba, ta zama sanjh a Hindi. Kalma ɗaya ta yi tafiyar fiye da shekara 2,000, furucinta ya sauya, zafinta yana nan. A Nepali banjho har gonar da aka bari ba a noma ba take nufi. Mu dabba muka kwatanta mace da ita, su gona.

14/ Masu ilimin falsafa na Indiya idan za su ba da misalin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, sai su ce "ɗan vandhya", wato ɗan juya. Tsoffin masu maganinsu kuma sun rarraba: kakavandhya ita ce wadda ta haihu sau ɗaya ta tsaya, mritavatsa ita ce wadda 'ya'yanta ke mutuwa. Wannan ta ƙarshen ai wabi ce sak.

15/ Har dabarar suna iri ɗaya ce. A yankin Bengal akwai masu suna Tinkori, ma'ana wuri uku, wai an sayar da yaron a kan kuɗin wuri uku. A wasu yankunan a sa masa sunan da ke nufin shara. Ajuji ke nan da wani harshe. Uwayen Zamfara da na Bengal ba su taɓa haɗuwa ba, tsoro ɗaya ya koya musu dabara ɗaya.

16/ To addini fa? Alƙur'ani ya yi amfani da kalmomi biyu. Aƙir, a labarin matar Annabi Zakariyya (AS) cikin Ali Imrana da Maryam. Da aƙim, a labarin matar Annabi Ibrahim (AS) cikin Zariyati. Duka biyun matan annabawa ne, duka biyun kuma sun haihu bayan an yanke ƙauna.

17/ A suratus Shura, aya ta 49 da 50, an kasa mutane huɗu: mai samun mata, mai samun maza, mai samun duka, da wanda aka sanya aƙim. Kalmar a wurin ta haɗa namiji da mace. Kuma Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba. Alkunyarta Ummu Abdullahi daga ɗan 'yar uwarta ne, Abdullahi ɗan Zubairu. Wa ya isa ya yi mata gori?

18/ A fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi, an jera aibobin da ake iya warware aure saboda su: hauka, kuturta, albaras, da cutar da ke hana saduwa. Rashin haihuwa ba ya cikin jerin. Namijin da ya kasa kusantar iyalinsa kuwa, shekara guda ake ba shi ya nemi magani. Littafin ya san matsala na iya zama ta miji.

19/ Yanzu ga kalma ta uku, RABO. Bahaushe na ganin kowane ɗa rabo ne da aka rubuta tsakanin wane da wance. In ba a samu ba sai a ce "babu rabo tsakaninsu", ko "rabon bai zo ba tukuna". A duk kalmomin nan ita kaɗai ce ta sa mutum biyu a cikin jimlar.

20/ Amma rabo ma ta sha rufa wa maza asiri. Kowa ya san labarin: a saki mace bayan shekara 10 ana kiranta juya, ta yi wani aure, shekara na zagayowa ta haihu. Tsohon mijin ya auri ta biyu, ta uku, shiru. Me ake cewa? "Ai rabonta a can yake." Ba mai cewa a kai malam asibiti.

21/ Wata mafakar ita ce KWANTACCEN CIKI. A ce cikin ya shiga amma ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi, ko bayan shekaru. Macen da ke da kwantacce ta fita daga sahun juya, mai jira ce. Yaron da aka ce ya daɗe a ciki shi ake kira Shekarau, macen kuma Shekara.

22/ Malaman Malikiyya sun kai iyakar zaman ciki shekara 4, wasu 5. Wannan ra'ayin yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta dogara da su ranar 25 ga Satumba 2003, lokacin da ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Amina Lawal. Tsohuwar fahimta ta tsare ran mace a kotu.

23/ A likitance dai ciki ba ya kwanciya. Mako 40 ne, in ya zarce ya kai 42. Abin da ake kira kwantacce yakan zama ƙari a mahaifa, ko cikin da ya lalace bai fita ba, ko jiki ya nuna alamun ciki saboda tsananin so. Duk suna buƙatar hoton ciki. 'Yan damfara na cin kasuwa da wannan imanin, a kula.

24/ Mafaka ta uku ita ce RIƘO. A gidan Bahaushe na da, ba a barin ɗakin mace shiru. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa ta yaye ɗa ta miƙa mata. Ita za ta yi goyo, ta yi tarbiyya, ta aurar, jikoki su kira ta kaka. Ba a sauya wa yaron uba, amma kowa ya san ɗakin da ya tashi. Ɗa na kowa ne, a aikace.

25/ Shaidar da muke da ita a rubuce ita ce Baba ta Karo, wadda ta rayu daga 1877 zuwa 1951. Ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba. Ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar da su, ta tsufa cikin mutane.

26/ Ku duba ikon Allah. A duk matan zamaninta masu 'ya'ya goma-goma, muryar da ta iso gare mu, wadda jami'o'in duniya ke karantawa don sanin rayuwar matan Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, ta wadda za a kira juya ce. An ce haihuwa maganin mutuwa. Ita labarinta ne ya yi mata wannan maganin.

27/ Ba duk abin da aka gada ne mai taushi ba. Neman haihuwa ya kai mata wurin 'yan bori da girka, ya kai su shan jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Ya kai wasu ga yankan gishiri, inda ake sa aska a gaban mace. Likitoci a Zariya sun daɗe da rubuta cewa yankan nan na cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.

28/ Tsoron kalmar juya ya taɓa girgiza duniya daga nan. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Rashin yardar yana da tushe, mutane ba su manta gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba. Amma cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye.

29/ Shekara 7 bayan nan, abin da ke taɓa haihuwa da gaske ya shigo gidaje, ba wanda ya yi masa jita-jita. Farashin zinare ya tashi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka shiga kawo duwatsu gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma.

30/ Agwagi ne suka fara ɓacewa. Sai yara suka fara amai, jijjiga, suma, mutuwa. A watan Maris 2010 likitocin MSF, waɗanda rediyo ke kira Na-gari-na-kowa, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Ƙauyukan: Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a Anka, Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum.

31/ Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu a watan Mayu 2010 ya gano yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda aka rasa a yankin ta haura 400. Dubbai aka yi wa maganin fitar da gubar, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa.

32/ Bagega sai da ta jira har 2013 kafin a share ta, bayan matasa sun tayar da ƙura a intanet da #SaveBagega har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Wannan ma darasi ne ga masu cewa rubutu a waya ba ya komai.

33/ Yanzu ka tsaya ka yi tunani. Uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a shekara ɗaya, wace kalma harshenmu ya tanadar mata? Wabi. Kalmar da ke nuna ta da yatsa. Alhali dalilin yana cikin ƙurar tsakar gida, yana jikin rigar da maigida ya dawo da ita daga ramin haƙa. Gwajin jini ne ya wanke ta.

34/ Kuma dalma ba ta tsaya kan yara ba. Tana taruwa a ƙashi ta zauna shekaru, in mace ta samu ciki ta fito ta ratsa zuwa ɗan tayi. Tana ƙara haɗarin ɓari da haihuwar gawa. A jikin namiji tana rage yawa da ƙarfin maniyyi. Tun 1860 wani likita a Faransa, Constantin Paul, ya lura matan ma'aikatan dalma na yawan ɓari.

35/ Yarinyar da ke rarrafe a Dareta ko Yargalma a 2010 yau ta kai shekarun aure. In ta samu matsalar ciki, wajibi likita ya san ƙauyen da ta tashi, wajibi dangin miji su san tarihin kafin su buɗe baki. Ga shi kuma haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a Zamfara a 2019 an ɗage shi a Disamba 2024. Kada dutse ya sake shiga tsakar gida.

36/ Sauran abubuwan da ke ɓoye a bayan kalmar wabi, yawancinsu yanzu an san su. Sikila: kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya na ɗauke da ƙwayar halittar. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4 na zuwa da SS. Rabin abin daga uba yake. Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024.

37/ Akwai saɓanin rukunin jini, inda uwa ke da nagetif uba ke da fozitif. Ɗan fari ya zo lafiya, na bayansa su riƙa lalacewa. Allura ɗaya cikin awa 72 bayan haihuwa na kare na gaba. Akwai cutar da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da ƙazamar reza. Akwai zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tamowa. Kowanne da maganinsa ko rigakafinsa.

38/ Juya fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci kuma sun tabbatar a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai matsala ta ɓangaren miji, shi kaɗai ko tare da ta matar. Ciwon sanyin da ke toshe wa mace hanya ma, sau da yawa kawo mata shi aka yi.

39/ Ƙa'idar likitoci mai sauƙi ce: in an shekara ana tare ba ciki, ku je ku biyu. Gwajin namiji ya fi na mace sauƙi, ya fi arha, ba ya buƙatar tiyata. 'Yan'uwana maza, lafiyar shimfiɗa daban, lafiyar maniyyi daban. Ƙara aure ba gwaji ba ne. Ka san matsayinka kafin ka tara 'ya'yan mutane ana kiransu da sunan da ba nasu ba.

40/ Kakanninmu ba su da awon jini, ba su da hoton ciki. Da abin da ke hannunsu suka yi yaƙi: suna, tsaga, juji, riƙo. Wanda ya sa wa ɗansa Abarshi ba jahili ba ne, uba ne da ya gaji da haƙa ƙananan kaburbura. Mu da muke da asibiti a Anka, Gummi da Bukkuyum, in muka riƙe gorin muka yar da riƙon, mun yi asara biyu.

41/ Shawarata ga 'yan zamaninmu: juya a bar wa kasuwar dabbobi. Wabi a mayar da ita tambaya, me ke kashe yaran nan, a bi ta har a samu amsa. Rabo a riƙe ta, amma a haɗa ta da zuwa asibiti, miji da mata tare. Ke kuma da ake yi wa gori a gidan biki, ki tuna da wa kike tarayya: Nana A'isha.

42/ Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya raya waɗanda aka samu, Ya jiƙan yaran Dareta, Abare, Yargalma, Bagega da sauran ƙauyukan. Wane sunan ɗan wabi ake sawa a garinku wanda bai fito a nan ba? Ku ajiye shi a ƙasa tare da sunan garin, mu tattara su kafin su ɓace. A tura wa wanda ya kamata ya karanta 🤲🏾